Yadda Nake Haɗa Tsingaron Tulun Frechen

Assalamu alaikum 'yan uwana na Gombe, musamman iyayena da yayyena na Jekadafari da Bolari waɗanda suke ta tambayata abin da nake yi da fasassun tukwane a ƙasar Jamus. Abin da kuke gani baje a kan wannan tebur tsingaro ne na tulu guda ɗaya, wanda wani dattijo maƙwabcina ya tarar a lambunsa shekarun baya, ya sanar da hukuma, aka duba aka bar masa. Na faɗi haka ne domin a nan doka ba ta yarda mutum ya yi haƙan neman kayan tarihi ba tare da izini ba.

An gina tulun a Frechen, wani gari da ke yamma da birnin Kolon, inda magina suka shahara a ƙarni na 16 da na 17. Ku dubi wannan ɓallin na wuya, za ku ga fuskar mutum mai dogon gemu, wadda ita ce shaidar irin waɗannan tuluna da Jamusawa suke kira Bartmann. An yi fataucinsu zuwa Holan da Ingila da wasu ƙasashe masu nisa, har a shekarar 1672 wani magini mai suna John Dwight ya sami izinin sarauta na yin irin wannan tangaran a Fulham da ke Landan.

Bambancinsa da randar da muka sani a gida yana cikin wuta. Tukwanenmu a fili ake gasa su da itace da ciyawa, shi ya sa ruwa yake tsattsafowa ta jikinsu ya yi sanyi. Wannan kuwa a rufaffen tanderu aka gasa shi, da zafin da ya kai digiri 1200 ko fiye, har yumɓun ya narke ya haɗe ya yi taurin dutse. Idan wuta ta kai ƙarshen ƙarfinta sai a watsa gishiri cikin tanderun, tururinsa ya haɗu da yashin da ke cikin yumɓun, ya bar wannan sheƙi mai ƙananan ramuka da kuke gani. Irin wannan gashi mai tsananin zafi ne Ladi Kwali, wadda hotonta yake jikin naira 20, ta koya a cibiyar koyar da ginin tukwane da Baturen Ingila Michael Cardew ya kafa a Abuja ta dā, wato Suleja ta yanzu.

Na riga na jiƙa gutsattsarin a ruwa mai tsabta, na wanke bakin kowace karaya da buroshi mai laushi, na bar su suka bushe sarai, domin ƙwayar yashi ɗaya tana iya hana baki biyu haɗuwa. Aikin da ya fi cin lokaci shi ne gano mazaunin kowane ɓalli kafin a taɓa gam. Kauri yana taimakawa, saboda gindin tulu ya fi kafaɗarsa kauri. Abin da ya fi taimaka mini kuwa shi ne waɗannan layukan da ke ciki, sawun yatsun maginin ne lokacin da tulun yake juyawa a kan faifan gini. Idan layin ɓalli ɗaya ya zarce cikin na ɗaya ba tare da ya karkace ba, to maƙwabta ne. Nakan daɗe a wannan mataki, domin yatsana yana bin daidai inda yatsan wani bawan Allah ya bi shekaru ɗari huɗu da suka wuce.

Daga nan sai in haɗa tulun gaba ɗaya da salatif na takarda, in rubuta lamba a jikin salatif ɗin, in san wanda zai riga wani shiga. Daga gindi ake farawa a yi sama, kuma wanda ya yi gaggawar manne gefe biyu zai iske ɓallin tsakiya ya rasa hanyar shiga.

Gam ɗin da ke hannuna shi ne Paraloid B-72, wanda masu gyara a gidajen adana kayan tarihi suke narkarwa a ruwan asiton, wato sinadarin nan da ake goge jan farce da shi. Ba don ya fi kowane gam ƙarfi aka zaɓe shi ba. An zaɓe shi ne domin ba ya saurin yin rawaya, kuma duk ranar da aka sami wani ɓalli da ya ɓata, ko aka sami wanda ya fi ni gwaninta, asiton zai sake narkar da shi a warware aikin ba tare da an cuci tulun ba. Ina shafa shi kaɗan a baki ɗaya, in danna, sannan in kafa ɓallin a cikin wannan kwano na yashi yadda nauyinsa zai riƙe haɗin har ya bushe.

Ga kuma gurbi a kafaɗa wanda ba a sami ɓallinsa ba. Zan tokare shi ta ciki da kakin zuma, in cike da garin filasta irin wanda ake yi wa silin ado da shi, in goge, in shafa launin da ya ɗan fi na tulun haske. Wasu masu sayarwa suna fente gurbin har ya saje, har ma su ƙirƙiro hanci ko gemun da babu, ni kuwa ina ganin wannan yaudara ce ga mai saye da kuma mai nazari. Gyartai idan ya ɗinke ƙwarya ba ya ɓoye ɗinkinsa, kowa yana ganin inda ta tsage, kuma haka nake so a ga inda hannun magini ya tsaya da inda nawa ya soma.

Ina roƙon waɗanda suke noma ko gini kusa da tsofaffin kufai irin na Gombe Abba, inda Buba Yero ya kafa masarauta, idan garma ta tono tsingaro mai zane, ku ɗauki hotonsa a inda yake, ku tattara na wuri ɗaya a jaka ɗaya, kada a manne shi da gam ɗin kasuwa, ku sanar da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa. Tukwanenmu suna shan ruwa, saboda haka wankinsu da manninsu sun fi wannan buƙatar lallaɓawa.

Yanzu zan bar gindin ya kwana a cikin yashi. Gobe in Allah ya kai mu zan ɗora kafaɗa da wuya, mariƙin kuma shi zai zo ƙarshe saboda nauyinsa.