Sharhi: Ruwan da ya shiga masana'anta ya tsaya a masana'anta

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum.

Akwai wata magana da na gaji da ji a garin nan na Kaduna. Duk sa'ad da aka tayar da zancen ruwan dagwalon da masana'antu ke saki, sai wani ya gyara zama ya ce ai kogi ba ya riƙe dauɗa, ruwa mai gudu shi ke wanke kansa. Subhanallahi! Tun muna yara a makarantar allo aka karantar da mu cewa ruwan da launinsa ya canza, ko ɗanɗanonsa, ko warinsa, saboda wata ƙazanta, ba a alwala da shi. Yaro ɗan shekara 10 ya san wannan. To yaya babban mutum mai kamfani zai dubi ruwan da ya koma shuɗi yana kumfa yana ɗoyi, ya ce mana kogi zai wanke shi?

A ranin da ya wuce na sauka bakin Kogin Kaduna ta ɓangaren kudu, inda masu noman rani ke aiki. Na tarar da wani dattijo ya jefa tiyon injin ban-ruwansa cikin wata kwata da ke gangarowa daga wajen masana'antu. Ruwan baƙi-ƙirin, da wani maiƙo yana yawo a samansa. Na ce, "Baba, da wannan kake shayar da alayyafon?" Bai ce mini komai ba sai da ya miƙo tafin hannunsa, duk ya yi kaushi ya tsattsage. Sannan ya ce kogin ya ja baya, kwatar ce ta fi kusa, man inji kuma ya yi tsada. Ban ga laifinsa ba. Amma alayyafon nan da latas ɗin da ke gefensa, washegari da asuba suna cikin buhu a kan babur, an nufi kasuwa da su. Ni da ku ne muke saye. 'Ya'yanmu ne ke ci.

Shi ya sa nake cewa, kuma zan yi ta faɗa: ruwan da ya shiga masana'anta ya tsaya a masana'anta. Kada ko ɗigo ɗaya ya fita ta kwata.

Wannan ba mafarki ba ne, sana'a ce da injiniyoyi suka daɗe da sani. Ana fara barin ruwan ya kwanta, laka da tarkace su sauka ƙasa. Sai a kai shi tankunan da ake hura wa iska, inda ƙwayoyin halitta ke cinye dattin da ke ruɓewa. Daga nan a tura shi da ƙarfi ta cikin wata matata mai ƙananan ƙofofi ainun, wadda ruwa ke ratsawa amma gishiri da rini ba sa wucewa. A nan ake samun mafi yawan ruwan ya dawo fes, a mayar da shi bakin aiki. Ɗan ragowar mai kauri, wanda gishiri ya yi wa yawa, shi ake dafawa har ya zama tururi, a tare tururin ya sake zama ruwa. Abin da ke saura a ƙasan tukunya busasshen gishiri ne da gari. Shi ma gishirin, a masaƙa, ana iya tace shi a sake yin rini da shi, don mai rini da gishiri yake sa launi ya kama zare.

Kuma wallahi abin da ke ba ni haushi, mu ba baƙin wannan tunani ba ne. Marinanmu na gargajiya ba sa kwarara ruwan karofi a titi. Rami ɗaya ya daɗe ana rini a cikinsa, in ya mutu a kwashe katsin da ya kwanta a ƙasa, a busar, a ƙona, magina su haɗa laso da shi su shafe rufin soro don kada ya yi yoyo. Mutanen da ba su da janareta, ba su da digiri, sun san cewa abin da ya rage daga rini dukiya ne. Sai mu da muka yi boko muka ƙirƙiro bututun da ke kaiwa kogi.

Na san abin da masu masana'antu za su ce, sun sha faɗa: tsada, ga babu wuta, ga dizal, ga kayan waje sun cika kasuwa, in aka matsa sai a rufe a sallami ma'aikata. Ban musa ba, dafa ruwa har ya zama tururi na shan wuta sosai, kuma gishirin da ya rage in ba a tsara inda za a adana shi ba, ruwan sama ɗaya ya ishe shi komawa inda aka hana shi zuwa. Wannan kam abin dubawa ne. Amma kada a raina mana hankali da batun rufewa. Masaƙar Kaduna ta KTL da aka buɗe a 1957 zamanin Sardauna, wadda ta ciyar da dubban gidaje a Kakuri da Makera, ta daina aiki a 2002. Sauran ma suka bi sahu ɗaya bayan ɗaya. Kuɗin tace ruwa ne ya kashe su? Rashin wuta ne, da fasa-ƙwauri, da tsofaffin injuna. Saboda haka a daina ɓuya a bayan ma'aikata. Tsadar nan kuwa da ake kuka da ita, ai yanzu ma ana biyanta, sai dai ba mai kamfani ke biya ba. Dattijon nan ne ke biya da fatar hannunsa. Masunci ne ke biya da komarsa da ta fito wayam. Matar da ke wanki a bakin kogi ita ke biya, har da mutanen da ke can ƙasa wajen Shiroro, waɗanda ba su taɓa cin ko kwabon kamfanin ba.

Ku dubi garin Tirupur a jihar Tamil Nadu ta ƙasar Indiya, garin da ya yi suna wajen saƙa rigunan da ake kaiwa Turai da Amurka. Marinansu sun yi ta zuba wa Kogin Noyyal ruwan rini har gonaki suka lalace, manoma suka garzaya kotu. A 2011 babbar kotun Madaras ta ba da umarni a rufe wuraren rini sama da 700, kada a buɗe sai sun daina sakin ruwa kwata-kwata. An yi kuka, an yi asara, ma'aikata sun sha wuya, ba zan ɓoye ba. Amma garin bai mutu ba. Ƙananan marina suka yi karo-karo suka dogara da matatun haɗin gwiwa, kowa ya tura nasa ruwan ta bututu, a tace a dawo masa da shi. Har yau suna saƙa, suna fitar da kaya waje. Su sai da kotu ta shaƙe su. Mu dole sai mun jira hakan?

Dokoki kuwa ba mu rasa ba. Tun bayan da aka jibge mana guba daga Italiya a garin Koko da ke jihar Delta ta yau a 1988 aka kafa hukumar kare muhalli ta tarayya. A 1991 aka fitar da ƙa'idojin da suka iyakance irin ruwan da masana'anta za ta saki. A 2007 aka kafa NESREA, hukumar tarayya mai tabbatar da bin dokokin muhalli. A nan jiha muna da KEPA, hukumar kare muhalli ta jihar Kaduna. Takarda kam ta cika durowa. Amma dokar da ta ce "ka tace sannan ka saki" tana da ƙofar baya: a kunna matata ranar da masu bincike za su zo, a kashe in sun tafi, a buɗe bututu da tsakar dare lokacin da kowa ke barci. Wa zai kwana a bakin kwata yana ɗibar ruwa a kwalba? Amma in doka ta ce babu bututun fita ko kaɗan, to ko yaro mai tallar gyaɗa ya ga ruwa na kwarara daga katangar kamfani, ya san an karya doka. Ba sai an kai ɗakin gwaji ba.

Yanzu ga shi kowace gwamnati ta zo sai ta yi alƙawarin farfaɗo da masaƙun Kakuri. Muna so, Allah Ya sa mu ga ranar, gidaje da yawa a garin nan ba su farfaɗo daga rufewarsu ba. To amma yanzu ne lokacin magana, tun kafin a girka injin farko, don icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Duk wanda zai karɓi fili a Kakuri ko Kudenda, a rubuta masa a takardar izini cewa ruwansa zai tsaya a harabarsa. Ƙananan da ba su da ƙarfi, gwamnati ta gina musu matata guda su riƙa biya gwargwadon abin da suka turo. A sa mita a inda ruwa ke shiga, a yafe harajin shigo da kayan tacewa, a toshe tsofaffin bututun nan da siminti a gaban jama'ar unguwa.

Rani na nan tafe, kogin zai sake ja da baya. Ina roƙon shugabannin KEPA da 'yan majalisar jiha masu kula da muhalli su sauka bakin kogin nan da ƙafarsu, da sassafe, lokacin da ake ɗaure buhunan alayyafo a kan babur, su ga inda tiyon yake.

Wassalamu alaikum.