Rimin Freetown da itatuwan da ake ɗauka hoto

Itacen da zan ba ku labarinsa rimi ne, irin namu na Zariya da Kano, sai dai shi a tsakiyar Freetown ya tsaya, babban birnin Saliyo, daf da kotun ƙoli. Ranar da na fara zuwa gindinsa da almuru ne, jemagu na tashi daga rassansa garke-garke, motoci na zagaye shi. Direban da ya kai ni bai bari na sauka ba sai da ya ba ni tarihinsa: ana cewa bayin da suka sami 'yanci, da suka sauka garin a 1792, a nan suka taru suka yi addu'a. Har a takardar kuɗin ƙasar an buga hotonsa.

A daren 24 ga Mayu, 2023, ruwa da iska suka kayar da shi.

To, mene ne amfanin itace a birni, ban da tarihi? Masu bincike kan dazukan birane sun auna. Kwalta da siminti da kwanon rufi suna shan rana da yini, su amayar da zafin da dare. Itace kuwa inuwa yake bayarwa, sannan ganyensa na fitar da ruwan da saiwa ta zuƙo, iskar wurin ta yi sanyi, kamar dai yadda randar ƙasa ke tsattsafowa ta sanyaya ruwan cikinta. Wani bincike da mujallar Lancet ta buga a 2023 kan birane 93 na Turai ya ƙiyasta cewa da itatuwa sun rufe kashi 30 cikin ɗari na biranen, da an tsira da sama da kashi ɗaya bisa uku na rayukan da zafin birni ya ɗauke a bazarar 2015.

A Freetown saiwar ma ta fi inuwar muhimmanci. Garin a jikin tsaunuka yake, an sassare dajin an yi gidaje. Ranar 14 ga Agusta, 2017, bayan mamakon ruwan sama, gefen tsaunin Sugar Loaf ya zaftaro kan unguwar Regent. Sama da mutum 1,000 suka rasu.

A 2020 magajiyar garin, Yvonne Aki-Sawyerr, ta ƙaddamar da shirin dasa itatuwa miliyan ɗaya. Abin da ya burge ni shi ne yadda suka gane inda gizo ke saƙar. Dashe ba wuya, kowa ya ga ana yi a gaban kyamara, raino ne aiki. Don haka 'yan unguwa ne ke dasawa, su ɗauki hoton kowane dashe da waya, manhaja ta adana inda yake. Sai su riƙa komawa suna ba shi ruwa suna sake ɗaukar hoto, a biya su ta waya muddin yana raye.

Na ga wata mata a gangaren dutse tana wannan aikin, galan a hannu, goyo a baya. Ta durƙusa gaban wani ɗan mangwaro da bai kai gwiwarta ba, ta ɗauke shi hoto, ta gyara ƙayar da ta kange shi da ita saboda awaki. Na tambaye ta ko nawa take kula da su. Kafin ta faɗi adadi sai ta fara nuna mini su ɗaya bayan ɗaya: wancan akuya ta cinye shi ya sake tofowa, wannan kuma ranar da aka yi sunan ɗanta ta dasa shi.