Ambaliya Cikin Dare: A Ƙara Ɗaure Dabbobi Ko A Kwance Su?

[Hoto: jan ruwa na gudu a kwari, ɗauke da kara da leda]

Assalamu alaikum jama'a. Tun da damina ta yi nisa ake ta turo mana tambaya ɗaya, har gardama ta kaure a kanta: idan ruwa ya shigo gida cikin dare, awaki da tumakin da ke turke, a ƙara ɗaure su tam don kada ya tafi da su, ko a sake su? Yawancin masu ba da amsa sun ce a ƙara ɗaurewa. Ni kuwa na ce a kwance. Ku ɗan ba ni hankalinku.

Mu fara rabe abu biyu. Mutanen Zaki da Gamawa da Jama'are a jihar Bauchi sun san cikar kogi. Ita tana sallama, ka ga ruwa yana hawa a hankali, ka samu damar kwashe kaya. Wadda muke magana a kai ba ta sallama. Ana tafka ruwa a kan tudu, ƙasa ta kasa shanyewa, ya gangaro gaba ɗaya ta kwari da lambatu cikin mintuna. Wani lokaci ma ko ɗigo bai sauka a unguwarku ba. Garin Gombe a cikin kwari yake, tuddai sun kewaye shi, shi ya sa manya ba su manta da ambaliyar Agustan 2004 ba. A Bauchi kuma, a Agustan 2024 ruwa ya datse babbar hanyar Kano zuwa Maiduguri a yankin Katagum. Kwalta ke nan fa, balle katangar ƙasa.

[Hoto: tsakar gida daga sama, ana zana awonta]

Ga ɗan lissafi. Gida mai faɗin mita 20, tsawon mita 20, idan aka yi ruwan milimita 50 a kansa, lita 20,000 ce ta sauka. Jarka 800 ta mai ruwa. Duk ta ina za ta fita? Ta wannan 'yar rariyar da ke gindin katanga, wadda leda da ɓawon rake suka toshe tun bara.

To yanzu ku duba inda turken yake.

[Hoto: kusurwar gida, turke uku, rariya a gefe]

A gidaje da dama, nan kusa da rariya ake kafa shi, don fitsari da ƙazantar dabbobi su riƙa fita waje. Dabara ce mai kyau a ranar da babu ambaliya. Amma wurin nan shi ne mafi gangare a duk gidan, nan ruwa ke fara taruwa, nan yake fin zurfi, kuma katangar da ke jiƙa ta faɗi, a kansu take faɗawa. Akuyar da igiyarta ba ta wuce kamu uku ba, ina za ta je? Ruwa na hawa, ita tana ja, igiya na shaƙe ta. Da a sake take, da tuni ta ɗare kan turmi ko buhunan da aka jibge, don wajen hawa ba a koya wa akuya. Saniya na iya iyo. Tunkiya ma tana taɓukawa na ɗan lokaci. Amma babu dabbar da ke iyo da turke a wuya.

Na san abin da ke hana mutane sakinsu, kuma ba wauta ba ce. Damina ce, shuka ta fito, akuyarka ta shiga gonar maƙwabci sai kun je gaban mai unguwa. Ga ɓarayi. Gaskiya ne. Amma ɓarnar kunyar gero biyu ana biya a yi sulhu, ragon da ya ɓata ana cigiyarsa. Wanda ya mutu a turke, rami kawai za a haƙa masa.

Sai dai kwancewar ma tana da ƙa'ida, kuma a nan aka fi yin kuskure.

[Hoto kusa-kusa: hannu na kokawa da jiƙaƙƙen ƙulli]

Kun ga wannan ƙullin? Ya jiƙa, dabba ta ja shi ya ƙara cijewa. A cikin duhu, da ruwa a ƙafarka, ba za ka warware shi da farce ba. Don haka a rataye wuƙa ko lauje a kusa da turke, can sama inda yara ba sa kaiwa, da tocila a gefe. In an zo yankewa kuma, a yanke igiyar ta kusa da wuya. Kada a yanke ta gindin turke a bar dabba tana jan doguwar igiya, domin igiyar za ta sarƙe a saiwa ko danga ko ta naɗe mata ƙafa, ka ga an canza mata turke ne kawai. Jaki ko sa mai dabaibayi, a fara cire dabaibayin. Sannan a buɗe ƙyaure. Ka kwance su ka bar ƙofa a rufe, ba ka yi komai ba.

Yaushe? Tun ruwa bai kai idon sawu ba. Da ka ji ruri daga wajen kwari, ko ka ga ruwan lambatu ya koma ja yana ɗauko itace, lokaci ya yi. Mafi kyau ma, idan hadari ya haɗu sosai da yamma kuma hukumar hasashen yanayi ta NiMet ta yi gargaɗin ruwa mai ƙarfi, a kai su tudu tun da sauran haske. Kuma kada a kore su da sanda, warwatsewa za su yi. A bar uwargida ta shige gaba da kwanon dusa. Duk wanda ya yi kiwo ya san awaki sun fi jin muryar mai ba su dusa a kan ta mai gidan da ya saye su.

[Hoto: mace da kwano, awaki na bin ta a layi]

Kaji da 'yan tsaki su ne na farkon mutuwa, don akurki a ƙasa yake. A zuba su a kwando a ɗora sama. Zomaye haka. Agwagwa kuwa, ku bar ta, ranar sallarta ce.

Abu ɗaya da ba na wasa da shi: mutane ne farko. Yara, tsofaffi, mai ciki, sannan dabba. Ruwa mai gudu da bai wuce santimita 15 ba yana iya kayar da babban mutum. In ya kai gwiwa yana ja, kada kowa ya koma ciki don rago, ko na layya ne. A kashe wutar gida daga mita in ana iya kaiwa a bushe, a nisanci wayar da ta faɗo.

Sauran shirin, hotuna za su nuna muku, ni zan bi da sauri. A yashe rariya da lambatu. Harawa da buhun dusa a ɗaga su kan gado ko rufi. A yi wa kowace dabba shaida da fenti, wasu har lambar waya suke rubutawa a jikin sa. A zauna da mai unguwa da maƙwabta tun yanzu a tsayar da tudun da za a kai dabbobi, filin makaranta ne ko na Idi, don kada a fara wannan shawarar ƙarfe biyun dare.

[Hoto: washegari, laka a tsakar gida]

Bayan ruwa ya janye, kada a mayar da su cikin laka, kofato na ruɓewa. Abincin da ya jiƙa ya yi fumfuna a zubar. Rijiyar da ambaliya ta shiga, musamman in akwai masai kusa, ba ta shayuwa sai an yashe an sa mata magani, don ta nan amai da gudawa ke shigowa. A kula da macizai a cikin harawa, su ma tudu suka nema. A kira malamin dabbobi ya duba su, ya ba da maganin tsutsa da na hanta. Wadda aka tarar ta mutu kuma mushe ce, a binne ta da zurfi nesa da rijiya, kada wani ya zo da araha ya ce zai saya.

A bidiyo na gaba za mu shiga cikin rijiyar nan mu nuna yadda ake yashe ta. Sai mun haɗu.