Abin Hawa, Maye da Na'urar Numfashi: Yadda Doka ke Kiran Abubuwa

Assalamu alaikum. Shugabannin tasha, iyayenmu direbobi, matasa masu Adaidaita Sahu, na gode da kuka ajiye lodi kuka zauna.

Bari mu fara da kalmar mota. A bakinmu, mota ita ce mai ƙafa huɗu. Doka ba ta ƙirga taya. Abin da take cewa shi ne abin hawa mai tafiya da inji a kan titi, don haka tirela da ke fita ta titin Zariya da Adaidaita Sahun da ke jigila tsakanin Kofar Ruwa da Bata, har da babur, duk suna ɗaya suka ci. Kada wani ya je gaban alƙali yana cewa, ranka ya daɗe, ai ni ba mota nake tuƙawa ba.

Sai na'urar gwajin numfashi, wadda ke auna barasar da ke jikin direba. Wani Ba'amurke, Robert Borkenstein, ya ƙirƙiro ta a 1954, Birtaniya kuma ta saka ta cikin dokar hanya a 1967. Mutane na zaton warin baki take shinshinawa. A'a. Barasa idan ta shiga ciki, jini ne ke kwashe ta, jinin ya bi ta huhu, wani kaso nata ya fito tare da iska. Shi ya sa ake cewa ka yi ta busawa har sai iskar can ƙasan huhu ta fito. Kuma shi ya sa goro ko citta ko asuwaki ba sa ruɗin ta. Hanta ce ke cinye mafi yawan barasa, ita kuwa ba a gaggauta ta. A Ingila iyakar ita ce maikirogiram 35 na barasa a cikin mililita 100 na numfashi, kuma ƙin busawa ba tare da uzuri ba laifi ne mai zaman kansa. A can, ko mota na tsaye, in kana buge kuma tana hannunka, ana iya kama ka.

To, na ga wasu na murmushi. Kuna cewa mu Kano me ya haɗa mu da wannan, tunda shari'a ta hana giya, ga Hisba. Nan ne zuciyata take. Laifin da ke cikin kundin Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, shi ne tuƙi cikin mayen barasa ko ƙwaya. Ku riƙe kalmar nan, ko ƙwaya. Mu kuwa mun san abin da ke cin yaranmu: tiramadol, kodin, wiwi, sholisho. Gwamnatin Tarayya ta hana maganin tari mai kodin tun 2018, amma har yau yaro zai haɗiyi abinsa da asuba wai don kada ya gaji, ya ɗebi mata da 'yan makaranta.

Na'urar numfashi ba ta ganin waɗannan. Zai busa ta nuna sifili, alhali idonsa ya kaɗa, ƙafarsa ta yi nauyi a kan birki. Gano su sai an gwada fitsari ko jini ko yawu. Jami'in KAROTA, hukumar kula da zirga-zirgar ababen hawa ta Kano, da ke tsaye a shataletale minti ɗaya yake ganin direba, ku kuwa da shi kuke karyawa.

Saboda haka, shugaban tasha, roƙona gare ka: kafin ka rubuta wa yaro layi gobe da safe, ka kira shi kusa, ka gaisa da shi, ka dubi ƙwayar idonsa.