Wa Aka Tambaya, Wa Aka Tsallake?

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Duk wanda ya saba sayen hatsi a kasuwar Dawanau ya san ba a yarda da saman buhu. Sai an zura hannu can ciki an ɗebo, sannan a yi ciniki. Masu ƙuri'ar jin ra'ayin jama'a ma ɗiba suke yi, kuma aikin nasu kan gyaru ko ya lalace ne a wurin ɗibar.

A 1936 mujallar Literary Digest ta Amurka ta raba takardun tambaya miliyan 10, sama da miliyan 2 suka dawo, ta bugi ƙirji ta ce Alf Landon zai kayar da Shugaba Roosevelt. Ranar zaɓe Roosevelt ya cinye jihohi 46 cikin 48. Yawancin sunayen daga littafin lambobin tarho da rajistar motoci ta kwaso su, a zamanin da talaka ba ya da ko ɗaya. George Gallup, wani mai binciken ra'ayin jama'a da ya tambayi mutanen da yawansu bai kai ko kusa da haka ba, shi ya faɗi daidai.

Yau ciwon ya sake salo. Cibiyar bincike ta Pew da ke Amurka ta ce a 1997 mutum 36 cikin 100 ke amsa tambayoyinta ta waya. Zuwa 2018 saura 6.

Namu ya fi damuna. Rabon Najeriya da ƙidayar jama'a tun 2006, ta 2023 kuma an ɗage ta. To da wane ma'auni za a kasa mana samfur tsakanin birni da ƙauye? Idan ta waya aka kira, ina matar da wayar gidansu ke aljihun maigida? Ina ɗan gudun hijira? A 2021 an toshe layukan sadarwa a Zamfara na tsawon makonni; duk wanda ya yi binciken waya a lokacin bai ji muryar jihar ba. Kuma da irin waɗannan alƙaluma ake tsara rabon magani da taki.

Shi ya sa nake jinjina wa Afrobarometer, ƙungiyar da ke binciken ra'ayin jama'a a ƙasashen Afirka. Ma'aikatansu kan bi gida-gida, su zauna da mutum ido da ido cikin harshen da yake ji, wannan gida namiji, na gaba mace. Akwai tsada, akwai wahalar hanya, amma matar can ta ƙauye ta samu ta yi magana.