Ɗakin da Ya Kwana Babu Baƙo: Lacca kan Karatun Harkar Otal da Yawon Buɗe Ido a Jami'a

Assalamu alaikum. Shugaban taro, malamaina, iyayenmu da suka samu halarta, 'yan'uwa ɗalibai, barkanmu da war haka.

Ina shigowa wani dattijo ya riƙe hannuna a bakin ƙofa, ya ce, "Malam, 'yata ta samu gurbi a jami'a, wai za ta karanci harkar otal da yawon buɗe ido. Yanzu don a koyi gyaran gado sai an yi digiri?" Baba, na ga inda ka zauna. Tambayarka tana kan hanya, kuma da ita zan fara.

Mai sayar da takalma in bai yi ciniki yau ba, sai ya mayar da su kwali, gobe ya sake fito da su. Mai otal ba shi da wannan gatan, domin abin da yake sayarwa dare ne. Ɗakin da ya kwana babu baƙo ranar Talata, kuɗin wannan daren sun tafi ke nan, ko da Laraba ta cika maƙil. Ga albashi an biya, ga wuta an ƙona. Kusan duk lissafin da ake koyarwa a wannan fanni daga nan ya samo asali.

Ku ɗauki biro. Otal biyu, kowanne ɗaki 100. Na farko ya sayar da ɗaki 90 a kan 50 kowanne, ko da wane irin kuɗi ne. Na biyu ya sayar da 60 kacal, amma a kan 90. Wanda ya leƙa zai ce na farko ke ciniki, ga motoci cike da harabarsa. To ku buga. Na farko ya tashi da 4,500, na biyu 5,400, kuma ɗaki talatin bai wanke musu zanen gado ba, bai kunna musu na'urar sanyaya ɗaki ba. Yaushe za a rage farashi, yaushe za a riƙe shi, mutum nawa cikin waɗanda suka kama ɗaki ba za su zo ba? Kamfanonin jiragen sama na Amurka ne suka ƙware a wannan lissafi bayan an sakar musu mara wajen sa farashi a 1978, daga baya masu otal suka ɗauka. Yau kwas ne mai zaman kansa, tare da akanta, dokar kwangila, tsaftar abinci, kula da ma'aikata da harsuna.

Karatun kuma ba jiya aka fara shi ba. A 1893 masu otal na ƙasar Suwizalan suka buɗe makaranta a Lozan, ƙarƙashin Jacques Tschumi, saboda baƙi sun yi yawa, ƙwararrun ma'aikata sun yi kaɗan. A 1922 Jami'ar Cornell ta Amurka ta mayar da shi digiri, Howard Meek ya jagoranta, attajirin otal Ellsworth Statler ya mara masa baya da dukiyarsa. Abin da nake so ku lura da shi: Cornell tana da otal na gaske a cikin makarantar, inda ɗalibai ke aiki. Jami'ar Polytechnic ta Hong Kong ma ta buɗe nata, Hotel ICON, a 2011. Baƙi na gaske, ƙorafi na gaske.

Nan ne zan daɗe, don nan ne abin ke yi mini ciwo.

Na taɓa aiki da wani matashi da ya fito da sakamako mai kyau ƙwarai. Aka ba shi sashen gyaran ɗakuna a wani otal. Ya zauna gaban kwamfuta ya raba aiki, ya rubuta wa kowace mai gyara ɗaki talatin a yini. A takarda abin ya yi kyau. Wata baiwar Allah da ta shekara goma sha a aikin ba ta yi musu da shi ba. Ta ce, "Ranka ya daɗe, zo mu gyara ɗaya tare." Suka shiga. A yaye zanen gado, a shimfiɗa sabo a ja kusurwoyinsa har su miƙe, a sauya rigar matashi, a wanke banɗaki, a goge madubi kada a bar shatin yatsa, a durƙusa a leƙa ƙarƙashin gado ko baƙo ya manta wani abu. Rabin sa'a cif, yana haɗa gumi. Awa takwas, in ma ba a huta ba, ɗaki goma sha shida ke nan. Ya koma ya yage takardarsa. Laifin na waɗanda suka yaye shi ne, da suka ba shi digiri bai taɓa riƙe tsumma ba.

Don haka, Baba, 'yarka za ta gyara gado, kuma ina roƙon kada ran ta ya ɓaci da hakan. Za ta tsaya a teburin karɓar baƙi ƙarfe biyun dare, mutum ya sauko daga jirgi a gajiye, a duba a ga an sayar da ɗakinsa. Me za ta ce masa, ina za ta kai shi, wa zai biya motar? Hausawa sun ce shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Gaskiya ne, amma wannan bawan Allah gado yake nema, kuma samo masa shi cikin minti goma ilimi ne da ake koya.

Ɓangaren yawon buɗe ido kuwa ya fi otal faɗi. Alƙaluman hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kula da fannin, wadda ke da hedikwata a Madrid, sun nuna masu tsallaka iyaka don ziyara sun tashi daga miliyan 25 a 1950 zuwa kusan biliyan ɗaya da rabi a 2019. Sai annobar korona ta zo a 2020, adadin ya faɗi da fiye da kashi 70 cikin ɗari. Ba na ɓoye wa ɗalibaina wannan. Sana'a ce mai saurin jin jiki, ana aiki ranar da kowa ke hutu, albashin farko kuma ba ya da yawa. Yawan baƙin ma kansa yakan zama matsala: a 2024 birnin Venice na Italiya ya fara karɓar kuɗin shiga daga masu ziyarar yini ɗaya a wasu ranaku, saboda cunkoso ya ishi mazauna garin. Wa zai auna baƙi nawa wuri zai iya ɗauka, ya kuma tabbatar kuɗinsu sun tsaya a hannun mutanen wurin? Irin waɗannan ɗaliban ne.

Kafin ku biya kuɗin makaranta, ku je sashen da ƙafarku. Ku ce a nuna muku kicin ɗin koyarwa, ku duba ko murhun yana kamawa. Ku tambayi wata nawa ɗalibi ke yi a otal yana sanin makamar aiki, da ko wani malami na bin sa can ya ga abin da aka sa shi. Ku tambayi malaman su waye a cikinsu suka taɓa kwana a bakin aiki.

Shugaba ya nuna mini agogo. Baba, in akwai sauran tambaya, kai za a fara miƙa wa makirufo.