Wa Ya Kashe Motocin Amurka Masu Ƙwanji?

Akwai wani hoto da ake ta yaɗawa a intanet kwanakin nan, wanda ke nuna mota ƙirar Chevrolet Chevelle sau biyu: ta shekarar 1970 an rubuta mata ƙarfin doki 450, ta 1972 kuma 270. A ƙasa sai aka ɗora laifin a kan matsalar man fetur. To, takunkumin man da ƙasashen Larabawa suka ƙaƙaba wa Amurka bai fara ba sai watan Oktoban 1973, wato bayan motar ta biyu ta riga ta shekara a kan titi.

Waɗannan su ne motocin da Amurkawa ke kira masu ƙwanji, kuma dabarar ƙera su ba ta da wuya: a ɗauki babban inji mai silinda takwas a cusa shi cikin matsakaiciyar mota, a sayar a farashin da matashi mai aiki zai iya biya. Pontiac GTO ta 1964 ce ta buɗe ƙofa, inda aka yi hasashen sayar da 5,000 amma aka sayar da sama da 30,000. Daga nan Dodge da Plymouth da Chevrolet da Ford suka shiga rububi.

Yanzu sai a natsu, domin nan ne mutane da yawa ke yin tuntuɓe. Kafin 1972, kamfanonin Amurka suna auna ƙarfin inji ne a waje da mota, a kan teburin gwaji, an cire masa matatar iska da salansar da ake hawa titi da ita da sauran kayan da yake juyawa, sannan an daidaita shi yadda zai ba da lamba mafi girma. Kamar a auna gudun doki ne ba sirdi ba mahayi, a kan fili mai santsi, sannan a ce wa mai saye ga abin da zai samu ranar hawa. Daga 1972 aka koma auna injin da dukkan kayansa a jiki, daidai yadda yake zaune a cikin mota. Injin bai sauya ba, ma'aunin ne ya sauya.

Shekarar 1971 ce ke tona asiri, saboda a cikinta wasu kamfanoni sun buga lambobin biyu a jere. Babban injin Chevelle na waccan shekara yana da 365 a tsohon awo, amma 285 a sabon awo. Idan haka ne, 270 ɗin da aka gani a 1972 ragin 15 ne kawai, ba 95 ba. Shahararren injin Hemi na Chrysler, wanda har gobe dattawan masu sha'awar mota ke rantsuwa da shi, 425 ne a tsohon awo, 350 a sabo. Ita kuwa 450 ɗin da ke cikin hoton, ta wani inji ce na musamman wanda aka daina sa wa Chevelle bayan 1970, don haka mai hoton ya haɗa abubuwan da ba sa haɗuwa har sau biyu.

Wannan ba ya nufin cewa ƙarfin bai ragu da gaske ba. Ya ragu, kuma dalilansa sun riga takunkumin mai. Kamfanonin inshora sun tsawwala kuɗi a kan matasa masu irin waɗannan motoci har ciniki ya ja baya. Dokar tsaftace iska ta 1970 ta tilasta rage hayaƙi, sai General Motors ya rage matsin da ke cikin silinda a motocin 1971 domin su iya shan fetur marar dalma, kuma rage matsi rage ƙarfi ne. Takunkumin mai ya zo ne ya tarar da marar lafiya a kwance, ya ƙarasa shi. A 1974 aka daina GTO da Challenger ta Dodge da Barracuda ta Plymouth, a 1975 kuma Corvette, motar gudu ta Chevrolet, ta fito da doki 165, lambar da wasu motocin kai yara makaranta suka wuce a yau.

Farfaɗowar ta zo ne da allurar fetur, wato na'urar da ke fesa mai daidai gwargwado cikin inji, da kwamfutar da ke sarrafa inji. Mustang ta Ford ta koma tsohuwar siffarta a 2005, Challenger ta dawo a 2008, Camaro ta Chevrolet ta biyo baya. A 2015 Dodge ya fito da wata Challenger mai suna Hellcat mai doki 707, kuma wannan a sabon awo ne, wato ninki biyu na waccan Hemi da ake kuka da rashinta. A ganina, zamanin da ake kira na zinariya ya fi ƙarfi a bakin masu ba da labari fiye da a kan titi.

Sai dai a Disambar 2023 aka daina ƙera Challenger da tsohuwar Charger ta Dodge da Camaro. Pontiac kuwa tun 2010 aka rufe shi. Sabuwar Charger Daytona ta lantarki ce, tana kai doki 670, kuma an sa mata na'ura a baya da ke kwaikwayon rugugin inji, abin da masu saye da yawa ba su karɓa da hannu biyu ba. Dodge ya biyo ta da wata mai fetur, mai silinda shida da turbo biyu, wato na'urorin da ke cusa ƙarin iska cikin inji, yayin da Ram, ɗan'uwansa a gida ɗaya, ya maido da Hemi cikin motocinsa na a-kori-kura bayan abokan ciniki sun yi ƙorafi. Ford kaɗai bai taɓa daina Mustang ba tun 1964, kuma har yanzu yana sayar da ita da silinda takwas.